Karon Garkunan Taurari da Baƙaƙen Ramukan da ke Tsakiyarsu: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da madubin hangen nesa na James Webb ya fara turo hotuna a watan Yulin 2022, masu karatu ke ta tambaya kan waɗannan siffofi masu kama da guguwar haske, musamman waɗanda aka ce suna cin karo da juna. Hotunan suna da kyau, amma kyansu yakan rufe abin da ya fi muhimmanci, wato yadda aka san abin da ake faɗa a kansu. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da amsoshinsu.

Mene ne garken taurari, kuma da gaske ne suna karo?

Garken taurari, ko galaksi, tarin taurari ne masu ɗimbin yawa da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin ja ya ɗaure wuri guda. Rana tauraro ɗaya ce a cikin garkenmu, wanda ke ɗauke da taurari sama da biliyan 100. Ana auna nisan sararin samaniya da shekarar haske, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Faɗin garkenmu ya kai shekarun haske 100,000.

Suna karo kuwa, kuma ba abu ne na nadiri ba. Garkuna ba su warwatsu ɗaiɗai ba, suna zama ne rukuni-rukuni, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa idan aka gwada ta da girmansu. Garkenmu ma da haɗiyar wasu ya girma. A 1994 aka gano wani ƙaramin garke a sashen taurari na Sagittarius wanda namu ke kan yayyagawa yanzu haka, sannan bayanan kumbon Gaia na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai sun nuna a 2018 cewa namu ya haɗiye wani babba kimanin shekaru biliyan 10 da suka wuce.

To taurari ba sa bugun juna a lokacin karon?

Da wuya ƙwarai. Tauraron da ya fi kusa da Rana, Proxima Centauri, yana nisan shekarun haske 4.2. Da za a mayar da Rana girman goro ɗaya a ajiye a Kano, to maƙwabcin nata zai kasance can wajen Legas, babu komai a tsakani. Da irin wannan fili, garke biyu kan ratsa ta cikin juna taurarinsu ba su taɓa juna ba.

Abin da ke yin karo na zahiri shi ne iskar gas. Gizagizan gas suna da faɗi, ba su da inda za su kauce, sai su gwabza, su matsu, su dunƙule, daga nan sababbin taurari su yi ta haihuwa da yawan gaske. Ƙarfin ja kuma yana fizgo taurari daga gefen kowane garke ya miƙe su kamar dogayen wutsiyoyi. Mafi shahara a wannan su ne NGC 4038 da NGC 4039, waɗanda ake wa laƙabi da Antennae, cikin sashen taurari na Corvus.

Wa ya zauna ya kalli karon daga farko har ƙarshe?

Babu, kuma ba za a samu ba. Haɗewar manyan garkuna biyu takan ɗauki ɗaruruwan miliyoyin shekaru, wani lokaci ta haura biliyan. Duk hoton da ka gani, ko na yau ne ko na shekaru 50 baya, siffa ɗaya zai nuna maka, domin rayuwar ɗan Adam ba ta kai a ga motsin ba.

Wannan ne ginshiƙin fannin gaba ɗaya, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Masana falaki suna tattara garkuna masu yawa, kowanne a matakinsa: ga waɗanda suka fara kusantar juna, ga waɗanda suka wuce juna sau ɗaya suna jan wutsiya, ga waɗanda suka narke amma cibiya biyu na nan, ga waɗanda suka gama suka zama dunƙule guda. Sai su jera su, su gwada jerin da lissafin kwamfuta. A 1966 Halton Arp ya fitar da tarin hotunan garkuna 338 masu baƙuwar siffa, a lokacin da ake ta gardama kan abin da ya murɗe su haka. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu, Alar Toomre da Juri Toomre, suka sa kwamfutar zamaninsu, wadda wayar hannunka ta yau ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ta lissafa abin da zai faru idan garke biyu suka gifta kusa da juna. Sai ga wutsiyoyi da gadoji sun fito, kama da na Antennae da na wasu biyun da ake kira Mice. Ba a buƙaci wani sabon ƙarfi ba, ƙarfin ja kaɗai ya isa. A ganina wannan aiki ya fi hotuna da yawa daraja, domin shi ya mayar da siffa ta zama tarihi.

Mene ne baƙin rami, kuma me ya kai shi tsakiyar garke?

Wuri ne da nauyi mai yawa ya matsu a ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin jansa ya kai ga ko haske ba ya kuɓuta idan ya ƙetare wata iyaka. Akwai ƙanana, waɗanda ke samuwa idan babban tauraro ya mutu ya rufta cikin kansa, nauyinsu daga ninki kaɗan zuwa gomomin nauyin Rana. Akwai kuma manya-manya, masu nauyin Rana miliyoyi ko biliyoyi, kuma su ne ke zaune a tsakiyar kusan kowane babban garke.

Namu sunansa Sagittarius A*, yana nisan shekarun haske kusan 26,000, nauyinsa ya kai na Rana miliyan 4. Na garken M87 ya kai biliyan 6.5. Wajen shekarar 2000 masana suka tabbatar da wani abin mamaki: nauyin ramin yana tafiya daidai da girman dunƙulen taurarin da ke tsakiyar garkensa, kusan kashi ɗaya cikin dubu. Rami da garke tare suke girma ke nan, kuma haɗewar garkuna na cikin manyan dalilan da ake dubawa.

A kula, baƙin rami ba ya zuƙe duk abin da ke garke. Wanda ke nesa da shi zagaya shi kawai yake yi, kamar yadda yake zagaya kowane abu mai nauyi.

Abin da ba ya fitar da haske, ta yaya madubi zai gan shi?

Ba a ganin ramin kansa, ana ganin abin da yake yi wa maƙwabtansa. Hanya ta farko ita ce bin sawun taurari. Tun cikin shekarun 1990 ƙungiyar Reinhard Genzel, da madubai a ƙasar Chile, da ta Andrea Ghez, da madubin Keck a tsibirin Hawaii, suka riƙa bin taurarin tsakiyar garkenmu ɗaya bayan ɗaya. Wani tauraro mai suna S2 yana kammala zagaye cikin shekaru 16, kuma da ya zo kusa da cibiya a 2018 gudunsa ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa. Daga wannan zagaye aka auna nauyin abin da yake zagayawa. Aikin ya ba su biyun rabin kyautar Nobel ta 2020, ɗaya rabin ya tafi ga Roger Penrose.

Hanya ta biyu ita ce hasken gas. Gas ɗin da ke faɗawa rami ba ya shiga kai tsaye, yana kewayawa ne a faifai, yana gogayya, yana zafi har ya kai miliyoyin digiri a sashen ciki, ya fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan hanya tana iya mayar da kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyin abin da ya faɗa ya zama haske da zafi, alhali wutar cikin taurari ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. Shi ya sa cibiyar da ke cin gas sosai kan fi dukan taurarin garkenta haske.

Ta uku ita ce inuwa. A ranar 10 ga Afrilu 2019 haɗakar Event Horizon Telescope, wadda ta haɗa na'urorin rediyo takwas a sassan duniya suka yi aiki kamar madubi guda, ta nuna zoben haske kewaye da inuwar ramin M87. Hoton na garkenmu ya biyo baya a ranar 12 ga Mayu 2022.

Me ya sa ake ambaton madubai da yawa? Ɗaya mai ƙarfi bai isa ba?

Bai isa ba, kuma ƙura ce dalili. Karo yana tura gas da ƙura zuwa tsakiya, su lulluɓe daidai wurin da ake son gani. Madubin Hubble, da aka harba a 1990, yana nuna wutsiyoyi da sababbin taurari tar, amma cibiya sau da yawa a rufe take gare shi.

Ɗauki garken Arp 220, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 250. A hasken da ido ke gani bai taka kara ya karya ba. Da tauraron ɗan'adam na IRAS ya leƙa sama a 1983 da hasken zafi, wanda ake kira infrared, sai aka tarar yana cikin mafiya haske a yankinmu na sararin samaniya, ƙura ce ke shanye haskensa tana mayar da shi zafi. James Webb, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba 2021 da madubi mai faɗin mita 6.5, a irin wannan haske yake aiki. Chandra, da ke sama tun 1999, eksire yake kamawa, wanda ke huda ƙura ya tona asirin rami mai cin gas. ALMA kuwa faranti 66 ne masu kama igiyar rediyo a kan tudun Chajnantor cikin hamadar Atacama, tsayin mita 5,000, yana bin gas mai sanyi, wato abincin ramin tun kafin ya kai bakinsa. Kowanne yana ganin ɓangare ne kawai. Duk binciken da ya ce ya ga ramuka biyu da na'ura ɗaya tak, masana kan jira wata na'urar ta tabbatar, domin dunƙulen sababbin taurari ko wani abu da ya faɗo kan layin gani na iya yaudarar mai kallo.

Idan garkuna biyu suka haɗe, ina makomar ramukansu biyu?

Nan ne zancen ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi wuya. A 1980 Mitchell Begelman da Roger Blandford da Martin Rees suka zayyana tafiyar a matakai.

Da farko kowane rami yana ratsa tekun taurari na sabon garken. Yayin da yake wucewa yana jawo taurari su taru a bayansa, wannan tarin kuma yana jan sa baya, yana rage masa gudu. Subrahmanyan Chandrasekhar, wanda aka sa wa madubin Chandra sunansa, shi ya yi lissafin wannan birki a 1943. Da haka ramukan ke nutsewa a hankali zuwa tsakiya, daga tazarar dubban shekarun haske zuwa 'yan kaɗan.

Daga nan sai su kama juna, su fara zagaya juna. Yanzu hanyar matsowa ta sauya: duk tauraron da ya kusance su sai su harba shi waje da ƙarfi, kuma kowace harbawa tana ɗan rage musu tazara. Matsalar ita ce taurarin da ke iya zuwa kusa suna ƙarewa. Lissafin farko-farko ya nuna cewa idan tazara ta kai kimanin parsec ɗaya, wato shekarun haske 3.26, ramukan na iya tsayawa cik na tsawon lokacin da ya fi shekarun da sararin samaniya ya yi. Sai sun matso fiye da haka sosai kafin mataki na ƙarshe ya kama, inda zagayensu ke kaɗa sararin kansa, ya fitar da igiyoyin ƙarfin ja waɗanda Albert Einstein ya yi hasashensu a 1916, ƙarfin zagayen ya tsiyaye, su faɗa wa juna. Wannan giɓi shi masana ke kira matsalar parsec na ƙarshe.

Akwai hanyoyin da ake ganin suna cike giɓin. Garken da ya fito daga karo ba mulmulalle ba ne sumul, kuma karkacewar siffarsa tana ci gaba da turo sababbin taurari zuwa tsakiya. Gas ma yana taka birki. Sannan idan garke na uku ya shigo da nasa ramin, rikicin ukun na iya tura biyu su haɗe. Bayan haɗewa kuma, idan igiyoyin sun fita da ƙarfi ta gefe guda, sabon ramin kan sha tunkuɗa ta ɗaya gefen, wani lokaci da gudun da zai iya fitar da shi daga garken baki ɗaya.

An taɓa kama ramuka biyu suna dab da juna?

An kama, kuma tazarar tana ta raguwa yadda na'urori ke ƙara kaifi. A 2002 ƙungiyar Stefanie Komossa ta yi amfani da Chandra ta ga cibiyoyi biyu masu fitar da eksire a NGC 6240, mai nisan shekarun haske miliyan 400, tazararsu kusan shekarun haske 3,000. A Nuwamban 2021 Karina Voggel da abokan aikinta, da madubin VLT na Chile, suka auna biyu a NGC 7727: ɗaya nauyin Rana miliyan 154, ɗaya miliyan 6.3, tazara shekarun haske 1,600, nisansu daga gare mu miliyan 89 kacal. Waɗannan ba sa cin gas sosai, da motsin taurari aka gano su, abin da ke nuna cewa akwai irinsu da yawa a ɓoye. A Janairun 2023 ALMA ya taimaka wajen raba biyu a UGC 4211 masu tazarar shekarun haske 750. James Webb kuma a 2024 ya nuna wasu a tsarin ZS7, lokacin da sararin samaniya ke da shekaru miliyan 740 kawai, wato tun da sassafe aka fara wannan haɗuwa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne garken 0402+379. A 2006 jerin na'urorin rediyo na VLBA a Amurka suka raba ramukansa biyu, tazararsu shekarun haske 24 kawai. Awon da aka yi da madubin Gemini na Arewa, wanda aka sanar a 2024, ya ce nauyinsu a haɗe ya kai na Rana biliyan 28, kuma alamu sun nuna sun daɗe a tsaye a wannan tazara, fiye da shekaru biliyan 3, bayan sun share taurarin da ke kewaye da su. Abin da aka lissafa a takarda ke nan aka tarar a sama.

Ƙasa da wannan tazara madubi ya kan gaza. A nisan NGC 6240, Hubble da ƙyar yake raba abubuwa biyu idan tazararsu ta gaza shekarun haske 100 zuwa 200. Saura sai a dogara da alamu, kamar cibiyar wani garke mai suna OJ 287 da ke walƙawa kusan duk shekaru 12, wanda masana da yawa ke fassarawa da ƙaramin rami mai zagaya babba.

Ba a ce LIGO ya ji haɗewar baƙaƙen ramuka a 2015 ba?

LIGO, wato na'urar kama igiyoyin ƙarfin ja da ke Amurka, ya ji, a ranar 14 ga Satumba 2015, amma ƙanana ne: ɗaya nauyin Rana 36, ɗaya 29. Manyan ramukan tsakiyar garke suna zagaya juna a hankali, igiya ɗaya tasu na iya ɗaukar shekaru kafin ta wuce, kuma na'ura mai hannuwa na kilomita 4 ba za ta ji wannan ba.

To da me za a ji na manyan?

Da taurari. Akwai gawarwakin taurari da ake kira pulsar, waɗanda Jocelyn Bell Burnell ta fara ganowa a 1967. Wasunsu suna juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, suna aiko bugun rediyo a kan lokaci ba kuskure. Idan igiyar ƙarfin ja ta ratsa garkenmu, takan ɗan miƙe sarari ta wannan gefe ta matse ta wancan, sai bugun wasu ya ɗan makara, na wasu ya ɗan yi sauri, bisa wani tsari da Ronald Hellings da George Downs suka lissafa tun 1983. A watan Yunin 2023 ƙungiyar NANOGrav ta Arewacin Amurka, bayan shekaru 15 tana sauraron pulsar kusan 70, tare da takwarorinta na Turai da Indiya da Ostareliya da Sin, suka sanar da shaidar wannan tsari. Fassarar da ta fi ƙarfi ita ce gurnanin manyan ramuka masu yawa ne da ke zagaya juna a ko'ina. Idan ta tabbata, to ramuka da dama suna ƙetare parsec na ƙarshe ke nan.

Domin jin haɗewa ɗaya-ɗaya, Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta amince da shirin LISA a Janairun 2024: kumbo uku a siffar kusurwa uku, tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu, ana sa ran harbawa wajen 2035.

Mu fa? An ce Andromeda na tafe.

Andromeda, babban garken da ya fi kusa da namu, yana tafe, da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa, daga nisan shekarun haske miliyan 2.5, ɗauke da rami mai nauyin Rana sama da miliyan 100. An daɗe ana cewa karon zai auku nan da shekaru biliyan 4 zuwa 5. Sai dai gudun da yake yi ta gefe yana da wuyar aunawa, kuma wani bincike da Till Sawala na Jami'ar Helsinki ya jagoranta a 2025, wanda ya sa jan wasu garkuna biyu na kusa cikin lissafi, ya ce yiwuwar haɗewa cikin shekaru biliyan 10 masu zuwa kusan rabi da rabi ce. Ko ya auku, ba a tsammanin wani tauraro zai bugi Rana, sai dai a sauya mata matsayi. Wannan lissafin motsi ne kawai, ba duba ba ne, ba kuma faɗin ranar tashin duniya ba ne.

Ana iya ganin Andromeda da ido. Masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare tun a shekara ta 964. A ƙasar Hausa lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, bayan isha'i, a daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari, kafin hazo ya yi kauri. A duba sama ta ɓangaren arewa.

Launukan hotunan nan na gaske ne?

Bayanan na gaske ne, launin kuwa sau da yawa zaɓa aka yi. Ido ba ya ganin eksire ko infrared, don haka ake ba kowane zango launi domin a bambance su. Wanda ya karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoto zai san wane launi ne gas mai zafi, wane ne ƙura.

Afirka na da hannu a wannan aiki? Mai sha'awa kuma ta ina zai fara?

Tana da shi. MeerKAT, faranti 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu da aka buɗe a 2018, yana cikin mafiya kaifin na'urorin sauraron pulsar a duniya, kuma a Disamban 2024 ƙungiyarsa ta fitar da nata sakamakon kan igiyoyin ƙarfin ja. Zai zama wani ɓangare na babban shirin na'urorin rediyo na SKA da ake ginawa a Afirka ta Kudu da Ostareliya. A Ghana an mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Accra, ya zama na'urar falaki a 2017. A Nijeriya akwai cibiyar binciken falaki a Nsukka ƙarƙashin hukumar NASRDA.

Ɗalibin da ke son fannin, lissafi da fiziks da rubuta manhajar kwamfuta su ne ƙofa, domin yawancin masanan yau ba sa sa ido a bakin madubi, bayanai suke tacewa. Rumbunan Hubble da Webb da Chandra a buɗe suke ga kowa ta intanet bayan ɗan wa'adin da ake ba masu binciken farko. Wanda bai yi jami'a ba ma yana da wurin shiga: shirin Galaxy Zoo, da aka fara a 2007, yana nuna wa 'yan sa-kai hotunan garkuna su tantance siffarsu, har da nuna waɗanda ke karo. A shekararsa ta farko wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holand, Hanny van Arkel, ta lura da wani baƙon gajimare kusa da garken IC 2497. Bincike ya nuna gas ne da ke ci gaba da sheƙi da hasken cibiyar garken, wadda ramin cikinta ya riga ya rage cin abinci, kuma har yau ana kiran gajimaren da sunanta.